Farin Wardin Kawu Mai Fenti

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara arba'in da ɗaya ya yi yana shafa wa gidajen mutane fenti, amma katangar gidansa siminti ce tsirara. In aka yi masa tsiya sai ya ce shi idan ya dawo gida ba ya son idonsa ya sauka a kan aiki. Mai Fenti kowa ke ce masa a layinmu. Matarsa ma, wadda muke kira Inna, idan ya ɓata mata rai haka take kiransa, da ƙarfi, har maƙwabta su ji.

Dogo ne siriri, mai saurin tafiya, kullum da ɗigon fenti a gira ko a bayan kunne. Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, kuma ya iya ta. Za ka kawo masa ƙyallen labule ka ce irin wannan launin kake so, ya kalla sau ɗaya, ya buɗe gwangwanaye uku, ya dama da sanda, sai ga shi ya fito kamar da shi aka rina ƙyallen. Abin da bai ƙauna shi ne a ce masa a yi fari.

"Fari ai ba zaɓi ba ne," in ji shi. "Mutum ne ya kasa yanke shawara."

Wata shekara aka kira shi aikin gidan wata dattijuwa, tsohuwar shugabar makaranta, wadda za ta sayar da gidan ta koma wurin ɗanta. A jikin ginshiƙin barandarta akwai wata shuka mai ƙaya da ta nannaɗe ginshiƙin ta haye har rufi, ta cika da fararen furanni. Ranar farko ta yage masa hannun riga. Rana ta biyu ta karce shi a wuya. Rana ta uku ya zo da adda.

Dattijuwar ta fito da sandarta ta tsaya a gabansa.

"Malam, me za ka yi da wannan?"

"Hajiya, ciyawar nan ta hana ni aiki."

"Wardi sunanta, kuma ta girmi wasu 'ya'yanka. Ka kwance ta a hankali, ka kwantar da ita ƙasa, ka yi fentinka, ka mayar da ita yadda ka same ta."

Haka ya yi, yana yi yana ƙunƙuni. Aikin wuni ɗaya ya ci masa kwana uku. Ranar da ya gama, dattijuwar ta yanko rassa uku, kowanne tsawon fensir, ta naɗe a jiƙaƙƙiyar jarida ta miƙa masa. Ta ce ba ta san abin da sabon mai gidan zai yi da uwar ba, gara 'ya'yan su shiga duniya. Kawu ya karɓa don kunya, ya cusa a jakar buroshi, ya manta.

Bayan kwana biyu Inna ta ci karo da su tana neman wuƙar kankare fenti da za ta goge ƙasan tukunya. Ta samu tsohon bokitin fenti, ta huda gindinsa da ƙusa, ta cika da ƙasa, ta soke rassan, ta ajiye kusa da famfo. Biyu suka bushe. Ɗaya ya yi toho. Da ya yi ƙarfi ta dasa shi a gindin katanga, gefen ƙofar ɗakin girki.

Babu irin wahalar da shukar nan ba ta sha ba. Awakin maƙwabcinsu Mai Walda sun shigo sun cinye ta har ƙasa sau biyu, abin da ya jawo gaba tsakanin gidajen biyu ta kusan shekara huɗu. Magina da suka zo gyaran rijiya sun zubar da ruwan siminti a gindinta. An yi shekarar da famfo ya ƙafe wata biyar, ruwan ɗauraye kwanuka kawai take samu. Shi kansa Kawu a kanta yake jingina tsaninsa idan ya dawo. Duk da haka kowace shekara sai ta ƙara tsawo, har ta kai kan katanga ta leƙa titi.

Inna takan ce da safe ƙamshinta har cikin ɗaki. Kawu ya ce shi bai taɓa jin komai ba, mata ne da son ƙarin gishiri. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Shekarun da ya yi yana shaƙar fenti da kananzir sun kashe masa hanci. Ko abinci ya ƙone a gabansa sai ya ga hayaƙi yake sani.

Yana da shekara sittin da biyu ya faɗo. A wani gidan bene ne, yana fentin saman matakala, ƙafar tsanin ta zame a kan tayil. Ƙashin ƙugunsa ya karye. Aka yi masa aiki aka sa ƙarfe, likita kuma ya faɗa masa ba tare da kwana-kwana ba cewa zai yi tafiya, amma shi da tsani har abada.

'Ya'yansa uku duk suna aiki a nesa. Sun zo sun yi sati biyu-biyu sun koma, sai waya. Ni shagon ɗinkina yana bakin layin, don haka kullum da safe kafin in buɗe nake biyawa in taya Inna ɗaga shi, mu fito da shi tsakar gida mu zaunar a kujera. A watannin nan na ga Kawun da ban sani ba. Mutumin da ba ya rufe baki ya koma sai a yi masa magana uku bai amsa ɗaya ba. In ya amsa kuma faɗa ne. Shayi ya yi zafi, shayi ya huce, matashin kujera ya yi tauri. Atisayen da aka ce ya riƙa yi da sanduna ya ƙi. Wata rana na tarar da Inna a ɗakin girki tana share ido da bakin mayafi, ta ce mini albasa ce, alhali babu albasa a gabanta.

A wata na biyar, wata safiya bayan an kwana ana yayyafi, mun zaunar da shi ke nan sai ya ɗaga kai yana yamutsa fuska.

"Wa ya fasa kwalbar turare?"

Inna ta ce, "Wane turare?"

"Ke dai faɗi gaskiya. Gidan nan gaba ɗaya ya ɗauka. Abu mai tsada ku riƙa wasa da shi."

Inna ta dube ni, na dube ta. Sai ta fashe da dariya, ta dafa bango, ta yi ta yi har hawaye na gaske suka zubo.

"Mai Fenti," ta ce, "shekara tara ina faɗa maka!"

Bai yarda ba sai da na tsinko fure ɗaya na kai masa hanci. Ya shaƙa, ya sake shaƙa. Ya ce mu ja kujerar kusa da katanga. Muka ja. Ya daɗe yana juya furen a tafin hannunsa, yana buɗe ganyayyakinsa ɗaya bayan ɗaya da farcen babban yatsa.

"Wannan ai ba fari ɗaya ba ne," ya ce. "Dubi nan, cikin, kamar an ɗiga ruwan ƙwai a madara. Bayan kuma da ɗan kore. Wanda bai buɗe ba, ga ja-ja a bakinsa. Wa ya haɗa wannan?"

"Wanda ya haɗa ka," in ji Inna.

Daga ranar kujerarsa ta koma gindin wardi. Kuma da yake Kawu ne, bai yi kwana uku yana yabo ba ya fara ganin aibi. Rassa sun cukurkuɗe, busassu sun fi ɗanyu yawa, wani ya hau kan wani yana goge masa baya. Ya ce aikin banza ne, ba a bar abu haka. Ya sa na kawo tsohon almakashin shago, yana zaune yana ba da umarni da sanda. Yanke wancan. Ba shi ba, na bayansa. Ke ba ki gani ne? Ƙaya ta soke ni a yatsan da nake riƙe allura, na ajiye almakashin a cinyarsa na ce, "Kawu, ni tela ce. In kana so a yi daidai, ga shi nan."

Na tafi shago ina jin haushi. Da azahar Inna ta aiko a kira ni. Na zo da gudu ina zaton faɗuwa ya yi. Na tarar da shi tsaye, sanda ɗaya a hammata, kafaɗa jingine da katanga, gumi ya jiƙa masa riga, yana datse busasshen reshe. Inna ta sa yatsa a baki ta yi mini alamar in yi shiru. Mun fi minti ashirin muna kallonsa ta tagar ɗakin girki.

Ba a rana ɗaya ya iya ba. Shekarar farko ya yi wa shukar aski mai tsanani har ta kusa ƙin yin fure, Inna ta yi sati ba ta yi masa magana mai daɗi ba. Amma mutum ne mai ido. Shi ya lura cewa reshen da ya miƙe sama a ƙarshensa kawai yake fure, wanda iska ta kwantar a gicciye kuwa tun daga tushe har baki yake fitar da su. Sai ya sa aka buga ƙusoshi a katanga aka ja waya layi-layi, ya riƙa lanƙwasa rassan a hankali yana ɗaure su da ƙyallayen da nake kawo masa daga shago. Inda hannunsa bai kai ba, Inna ke hawa kan benci. Shekarar da ta biyo, katangar ta rufe da fari har ba a ganin siminti. Masu wucewa suka fara tsayawa a titi. Wata mata ta yi sallama ta ce don Allah a sam mata iri.

Nan ya tuna yadda dattijuwar ta yanka nata. Ya tara tsofaffin gwangwanayen fenti da suka cika bayan gida, ya soke rassa ashirin. Biyu suka rayu. Ya zauna ya yi ta bincike kamar likita, yana tumɓuke matattun yana duba gindinsu. Ya gano wasu ragowar fenti ce ta kashe su, wasu ruwa ne ya yi musu yawa suka ruɓe. Ya koma ƙone gwangwanayen yana wanke su, yana haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki, yana kifa musu gorar ruwa da aka yanke gindinta, yana ajiye su a inuwa. A zagaye na uku, cikin ashirin sha huɗu suka kama.

Takin kuwa daga gidan Mai Walda ya fito. Shi da kansa ya turo baro guda na kashin awaki ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Maƙwabci, na ce tunda su suka ci, bari su biya."

Kawu ya dube shi, ya dubi baron, ya ce, "Shigo da shi. Amma su kansu kar in ga ƙafarsu."

Gabar ta mutu a wurin. Bayan sati Mai Walda ya ƙera masa teburin ƙarfe mai hawa uku don jera gwangwanaye, daidai tsayin da ba sai ya sunkuya ba. Da farko kyauta Kawu yake bayarwa. Daga baya mutane suka fara zuwa daga wasu unguwanni da motoci, Inna ta ce ai sana'a ta samu, ta sa farashi da bakinta.

Duk wata biyu yakan koma asibiti sashen gashin ƙashi, ni nake raka shi. Ya saba tafiya da furanni biyu-uku a aljihun gaba don ma'aikaciyar da ke duba shi. Wata rana muna zaune a bencin jira, wata mata mai kimanin shekara arba'in, da baƙin tabarau da farar sanda, hannunta ɗaya a naɗe da bandeji, ta juyo wajenmu.

"Baba, gafarta mini. Wardi ne a jikinka?"

Kawu ya ciro ɗaya ya sa mata a hannu. Ta shafa shi da yatsu, ta kai hanci, ta ce rabonta da irin wannan tun tana yarinya, kafin ciwon da ya tafi da idonta. Ta ce ita malama ce a makarantar makafi da ke bayan tashar mota, kuma ta daɗe tana son a shuka wani abu mai ƙamshi a harabar, don duk abin da aka shuka musu na masu ido ne.

Kawu ya ce, "Malama, ai ƙaya gare ta. Mugunyar ƙaya."

"Baba, ɗalibaina suna yanka da wuƙa, suna ɗinki da allura, suna tsallaka titi. Ƙaya ce za ta gagare su?"

Ita ba ta ji tsoro ba, amma shugaban makarantar ya ji. Da muka je, ya karɓe mu da mutunci, ya ce shi ba zai iya tsayawa gaban iyaye ya yi bayanin yadda ƙaya ta shiga fuskar ɗa ba. Kawu bai yi musu ba. Ya nemi a zagaya da shi harabar. Ya bi hanyar da ta taso daga ɗakunan kwana zuwa azuzuwa yana dogara sanda, yana auna faɗinta da taku, yana ɗaga kai yana duba inda rana ke faɗowa. Muna isa gida ya wuce shagon Mai Walda, suka duƙufa a kan wani kwali da fensir.

Abin da suka fitar rumfa ce ta ƙarfe mai lanƙwasa, doguwa, da za ta rufe hanyar. Wardin zai tashi daga waje, a killace gindinsa da ragar waya mai ƙananan idanu har sama da kan mutum mafi tsawo, sai can sama a bar shi ya baje. Hannu ba zai kai ga ƙaya ba, ƙamshi kuwa zai sauko. Shugaban ya sa aka karanta masa bayanin sau biyu, ya tambayi wa zai riƙa datse rassan da suka zubo. Kawu ya ce shi, da almakashi mai dogon hannu, ƙafarsa a ƙasa. Shugaban ya ce to a gwada.

Mai Walda ya yi kwana tara yana walda. Kafin a kafa rumfar aka kwantar da ita a kan bulo a harabar, Kawu ya zauna a kujera 'yar tsugunno ya shafe ta da jan fentin hana tsatsa, ya bi da kore shafi biyu. Rabonsa da buroshi shekara uku. Kafin ya kai ƙarfe na biyu hannunsa ya tuna aikin, har yana yi wa Mai Walda faɗa a kan inda ya bar walda da ƙulli.

Shuka shida suka dasa. Ɗaya zafi ya kashe, aka maye gurbinta. Sauran suka kama, suka bi ƙarfe. Shekara ɗaya da rabi ana jira. Wata safiya ina yanka yadi wayata ta yi ƙara, Malama ce. Ta ce ta kira lambar Kawu bai ɗauka ba, in gaya masa furanni sun buɗe. Na ce wa ya gani? Ta ce ba wanda ya gani, wata ɗaliba ce ta tsaya a tsakiyar hanya ta ƙi tafiya, layi ya taru a bayanta.

Na rufe shago na je na faɗa masa. Yana cikin haɗa ƙasa. Ya goge hannu a wando, ya ce, "Ina hulata?"

Yanzu Kawu yana da shekara sittin da tara. Yana ɗingishi, kuma idan hadari ya haɗu ƙarfen da ke ƙugunsa yana sanar da shi kafin kowa. Duk Asabar Mai Walda yana kai shi makarantar a bayan babur, Inna tana bin su da addu'a da gargaɗi har su sha kwana. Malama ta roƙi ya riƙa koya wa manyan ɗalibai, waɗanda suka kusa fita, yadda ake yanka iri, ko wani ya samu abin yi da shi a gida. Da farko ya ce bai san ta inda zai fara ba, shi da komai nasa da ido ne. Ita ta nuna masa. Ta ce ya daina cewa duba nan, ya kama hannu ya ɗora.

Na je na gani da idona watan jiya. Su bakwai ne a kewaye da dogon tebur, kowa da safar hannu a hagu, dama a buɗe. Suna bin reshe da yatsa daga ƙasa, suna tsallake ƙaya, suna ƙirga gaɓoɓi huɗu, su yanka a ƙarƙashin ta ƙarshe. Wata budurwa mai yawan surutu ta ɗaga reshen da Kawu ya ba ta ta ce, "Baba, wannan ba zai yi ba, ya tsufa. Ji bayansa."

Kawu ya karɓa ya duba, ya juya shi, ya ce lafiyarsa ƙalau. Ta ce a'a. Suka yi ta ja. A ƙarshe ya ce to kowa ya soke nasa a gwangwani daban, a rubuta suna, a ga na wanda zai yi toho. Ta ce ta yarda, amma ita za ta riƙa ba su ruwa duka biyun, don ba ta amince da shi ba.

Da muka fito yana ta mita a kan 'ya'yan zamani da rashin kunya. Muna kaiwa bakin ƙofa ya tsaya, ya rage murya.

"Ina jin fa yarinyar nan ta fi ni gaskiya," ya ce. "Kar ki gaya wa Innarki."